Kayan Manaja Pang da Kwalin Wainar Wata

Zuwa ga Yayata Meifen,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da dukan mutanen Harbin. Allah ya sa gwiwar nan ta sassauta miki kafin sanyinku ya sauko. Mu nan Shenzhen lafiya lau. Maigidana, Tsoho Deng, yana nan, tun da ya ajiye aiki ba shi da sana'a sai kiwon kifin kwalba da yi wa rediyo gardama.

Sai maganar ɗanki Jinbo da kika ce in sa wa ido. Kin san yanzu na'ura mai basira ce ke karɓar oda a shagonsa na kayan waya, suna ce mata wakili. Wakilin nan ba ya gani, ba ya taɓawa. Duk kayan aikin kwamfuta da za a ba shi, na duba sito ne ko na soke oda, akwai ɗan bayani a jikinsa, kuma abin da bayanin ya faɗa shi ne gaskiya a wurinsa. Ni da na shekara ashirin da biyu a kasuwar Huaqiangbei ina karanta ƙaryar jikin kwali, sai Jinbo ya ce in riƙa tantance masa bayanan.

Ana nan sai ga wani Manaja Pang da kayan aiki arba'in, yana son Jinbo ya watsar da nasa ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku da an gama Bikin Wata. Ya kai mu shan shayi, shi da kansa yake zubawa, ya kira ni Babbar Yaya sau uku kafin in zauna. Washegari ga kwalin wainar wata, ta cin bikin, ya aiko, mai ƙwai biyu-biyu. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Ga yadda nake gwajina. In rufe sunan kayan da yatsa, in karanta wa Deng bayanin muna cin abincin rana, tunda bai san komai a harkar ba, kamar dai wakilin. Sai in tambaye shi abu uku: yaushe zai ɗauki abin, yaushe ba zai taɓa shi ba, kuma me zai lalace in ya yi kuskure. Yaya, a arba'in ɗin nan tambayar farko kaɗai ya iya amsawa. Ko'ina "mafi sauri", "mafi inganci", babu inda aka ce ga abin da ba ya iyawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma Pang rariya yake sayarwa da sunan ƙwarya.

Cikin kayan, na goma sha bakwai ne ya tsaya mini a rai. Wai yana gyara jerin oda cikin sauri, wakili ya fifita shi a kan sauran. Deng ya ce shi dai tsintsiya yake ji ana kwatantawa. Na sa aka gwada da odar wasa, sai ga shi duk odar da ta wuce kwana bakwai ba a aika ba yana share ta, kuma ba ta dawowa. Rabin masu saye a wurin Jinbo kuwa jirgin ruwa suke jira, wata guda cur.

Da na nuna wa Jinbo, sai ya ce ai na'urar tantancewa ta ba bayanan maki casa'in da takwas cikin ɗari. Na tambaye shi na'urar ta wane ce, ya ce ta Pang. Na ce masa, "Ɗana, mai sayar maka da gwal ne ya ara maka sikelinsa." Shi kuwa Pang, da yake zaune a wurin, murmushi ya yi, wai in an rubuta aibi sai wakili ya tsorata ya cika tambaya. Na ce gara ma'aikaci mai tambaya da mai share gida har da masu gidan.

Yanzu Jinbo yana fushi, wai na kunyata shi a gaban baƙo. Kwana huɗu bai zo cin abinci ba. Bai sa hannu ba, bai kuma ce ya fasa ba, ga biki saura kwana biyar. Don Allah ki kira shi. Kada ki ce na rubuto, kada ki yi faɗa, kin san halinsa na ubansa ne. Ki dai sa ya karanta miki bayanin na goma sha bakwai, ki yi masa tambayoyin nan uku, sannan ki yi shiru.

Ki gaida Yaya Shoulin, da Lanying da jaririnta, da Gwaggo Cui in tana gane mutane. Deng yana gaisuwa, ya riga ya cinye biyu cikin wainar Pang. Ni kwalin na juya na karanta: an rubuta akwai gyaɗa, mai ciwon suga ya kiyaye, ga kuma ranar da za ta lalace. Ranar da Pang ya yi rubutu irin na mai wainar nan, ni zan miƙa wa Jinbo biro.

Taki ƙanwa,
Suqin