Na Tafi Gyaran Kifi

Hermana Quispe, abokiyar wa'azina,

Na ga zazzaɓin ya sauka, shi ya sa ban tashe ki ba. Doña Pilar ta cocinmu na falo, za ta zauna da ke, 'yarta kuma ta raka ni.

Jiya da na je yi wa ɗalibarmu Amparo wa'azi a gidanta ba ke, na tafka abin kunya. Kin san a Sifaniyanci harafi ɗaya ya raba zunubi da kifi. To, ni gwanar wa'azi, na dafe ƙirji har da ƙwalla, na ce duk mai son baftisma sai ya rabu da kifinsa. Sau uku na faɗa!

Sai ga mijinta Eusebio, wanda wata huɗu ko gaisuwarmu ba ya amsawa. Ya ce, "Ke yarinya, shekara arba'in da kifi nake ciyar da gidan nan, yau ki taso daga Idaho can Amurka ki ce in tuba?" Amparo har da riƙe ciki. Ni kuwa kamar in nutse.

Ya ce in same shi a rumfarsa ta kifi yau da ƙarfe bakwai na safe. In na gyara kwando guda ban gudu ba, zai bar Amparo ta yi baftisma.

Ni da ko gwangwanin sardin sai kin buɗe min!

Ki sha maganinki, kar ki tashi girki. Zan kawo abincin rana, in na dawo da yatsuna goma.

Lindqvist