Rigar Sitiyarin Baba

Unguwar Dogo Tebo,
Potiskum.
14 ga Maris, 1998.

Zuwa ga Yaya Hussain,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyalinka a Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke ɗan taɓa shi.

Maganar motar da ka aiko masa ce ta sa na rubuto, don saura ƙiris ya sayar da ita. Ka san Baba da tattalin kaya. Tana isowa ya kai wa Bakari baduku ya ɗinke sitiyarin da jar fata har tsakiya, wai kada gumi ya ɓata shi. Tun daga nan, duk ranar da ya bi ta maƙabartar da aka binne mahaifiyarmu Hajja, sai rediyon ya yi ƙasa da kansa har ya yi tsit. Baba ya ce motar da aljanu ta zo, ya sa aka yi mata hayaƙi, bai hana ba. Har ya kira Modu dillali. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wahalar da ka sha kafin ka saye ta.

Ran Litinin na roƙe shi ya kai ni Fika, na zauna gaba ina kallon hannunsa. Muna dosar maƙabartar na ga ya damƙe sitiyarin kam, babban yatsansa ya nutse cikin fatar. Da muka dawo na sa Bakari ya farke ɗinkin. Ashe maɓallai uku ne a ƙarƙashi, ɗaya na ƙara murya, ɗaya na ragewa, na ukun kuma na sauya tasha. Na danna kowanne a gaban Baba. Sai ya ce shi bai taɓa sanin yana matse hannu a wurin ba. Ya sallami Modu.

Jiya mun sake bi ta wurin. Ina kallo ya kai yatsa ya rage muryar da kansa, bai ƙara ba sai da muka wuce.

Ka gaishe da Anti Radiyya da su Amir. Baba ya ce Allah ya yi maka albarka.

Ƙanwarka,
Fiddausi.