Ƙarar Fanka a Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya kewar gida? Mu nan sai godiyar Allah. Baba yana gaishe ka, ya ce in gaya maka turaren da kake aikowa ya ishe shi haka, ka aiko masa da kanka.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa maimakon kira. Tun da idon Baba ya rufe, kunnensa ya karɓi aikin ido ya haɗa da nasa. Ko raɗa na yi a waya a bakin ƙofa, sai ya tambaye ni da wa nake gulmarsa. Maganar da zan yi maka kuwa ba ta kunnensa ba ce.

Kwamfutata ta mutu, Yaya. Ina tsakiyar zanen wani gida mai bene ta yi ɗif, sai ƙauri. Mai gyara, wanda Baba yake kira Likitan Ƙarfe, ya buɗe cikinta ya ce furosesa ce ta ƙone, wato ƙwaƙwalwar injin, kuma ta tafi da allon da take zaune a kai. Sai dai a haɗa sabuwa. Ya ba ni zaɓin furosesa iri biyu. Akwai mai araha, irin ta kwamfutar tebur ta kowa da kowa: tana da sauri ba laifi, amma tana shan wuta, tana zafi, fankarta kuma ba ta san kawaici ba. Akwai kuma irin wadda ake sa wa injinan manyan ofisoshi da ake bari suna aiki ba hutu. Ita wutar da take sha kaɗan ce, ba ta zafi, da ƙyar za ka ji numfashinta. Ta fi tsada, kuma a wasu ayyukan ta ɗan fi nawa.

Ba tsadar ce ta dame ni ba. Ka san teburina yana ɗakin Baba, kusa da gadonsa, don in riƙa aiki ina kallonsa. Likita ya ce yanzu injin oksijin da ke taimaka masa numfashi ba zai riƙa hutawa ba sai kaɗan. In an ɗauke wuta, batirin gida ɗaya ne yake ɗaukar injin da kwamfutar. Ban gaya maka ba, amma kwanakin baya na shagala da aiki da rana tsaka, wuta ba ta dawo ba, batirin ya fara kuka. Kafin a kawo wuta leɓɓan Baba sun fara sauya launi. Tun ranar, da an ɗauke wuta nake kashe kwamfuta, aiki yana taruwa, masu gidaje suna ta ƙorafi. Mai shan wuta kaɗan za ta raba ni da wannan fargabar.

To amma Baba ya ji muna magana da mai gyara, ya ce a sayi mai arahar. Na ɗauka tsuke aljihunsa ne da muka sani, mutumin da yake fiƙe fensir har sai ya gagara riƙewa. Da na zauna na yi tunani sai na gane ba shi ba ne.

In na gama zane, nakan sa kwamfuta ta fitar da hoton gidan kamar an riga an gina shi. A nan tsohuwar take shan wahala, fankarta ta tashi tana ruri. Baba yana jin haka, ko gyangyaɗi yake, sai ya gyara kwanciya ya ce, "Jirgi ya tashi. To Auta, kai ni ciki." Sai in fara daga ƙofar gida, in bi da shi ɗaki ɗaki da baki. Shi kuma yana tsayar da ni: wannan ƙofar ina take buɗewa, tagar kicin wane gefe take kallo, wa ya koya mini sa banɗaki ya fuskanci falo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana wa mutane gidaje, abin da ya rage masa na sana'a ke nan. A yini duka, lokacin ne kawai nake jin muryarsa ta dā.

Don Allah ka ba ni shawara, kaina ya kulle. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Amsarka ta iso, na gode. Ka ce numfashi yana gaba da komai, hira kuwa ana iya yin ta ba da fanka ba. Ni ma abin da hankalina ya ba ni ke nan, sai na bi.

Likitan Ƙarfe ya haɗa mai shan wuta kaɗan, kuma gaskiya bai yi ƙarya ba. An ɗauke wuta tun hantsi har la'asar, ina aiki, injin Baba yana aiki, batirin ko tari bai yi ba. Rabon da in ji hankalina ya kwanta haka har na manta.

Ranar da aka kunna ta, Baba ya ce in kamo hannunsa in ɗora a jikin akwatin. Ya daɗe yana shafawa, sannan ya tambaya ko a kunne take. Na ce masa e. Ya ce to madalla, Allah ya sa albarka, ya janye hannunsa. Ni kuma murna ta hana ni lura da yadda ya janye shi.

Zanen farko da na gama, hoton ya fito ba tare da ko ƙis ba. Na jira, Baba yana kwance fuskarsa a sama. Na ce masa na gama, ko in kai shi ciki? Ya ce in yi aikina kawai, kada in tsaya saboda shi. Na matsa, ya yarda, amma har muka fita ta ƙofar baya bai tsayar da ni ko sau ɗaya ba. Da gangan na sa matakalar bene ta sauka a gaban ƙofar banɗaki, abin da a dā zai sa ya ce a karɓe takardar shaidata a ba mai sayar da gawayi. Ya ce ya yi kyau.

Na daɗe kafin in gane. Ka san halin Baba, bai iya roƙo ba, kuma ya tsani a tausaya masa. A dā fanka ce take kiran sa, ba ni ba. Ya ji aiki ya nuna, ya shigo a matsayin maigidan ofis. Yanzu kuwa ko dai shi ya tambaya, ya zama mai roƙo, ko ni in tayar da maganar, ya ji kamar ana lallashin mara lafiya. Duka biyun ba ya so.

Sai na yi wata wauta. Na ɗauko fankar tebur ta ɗakina na ɓoye a ƙarƙashin teburi, da na gama zane na murɗa ta har ƙarshe. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Auta, makaho ne ni, ba wawa ba. Kashe ta, tana cinye miki batir." Na kashe, na shiga kicin na yi kukana. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kada ka ga kamar ina ɗora maka laifi. Shawara ka bayar, ni na yanke. Ina dai gaya maka ne don ba ni da wanda zan gaya wa. Ka gaida kowa da kowa.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hannuna ba ya son rubutu yau.

Baba ya rage cin abinci. Cokali kaɗan, sai ya kawar da kai. Likita ya zo ya auna, ya ce iskar da ke jininsa ta fi ta watan jiya kyau, injin yana aikinsa yadda ya kamata. Ya tambaye ni ko wani abu ya sauya a gidan. Na rasa ta inda zan fara gaya wa likita cewa fanka ce ta yi shiru.

Gwaggo ta dawo nan da zama don ta taya ni. Tana shiga ɗakin ta ce kai, yanzu ne ɗakin mara lafiya ya zama ɗakin mara lafiya, ba kamar dā da ake ta ruri kamar gidan niƙa ba. Yabo take yi, baiwar Allah. Baba ya ce mata gaskiya ne, ya juya wa bango fuska. Yawancin yini haka yake. Babu abin da ake ji sai injin oksijin yana shaƙa yana saki. Wani lokaci yakan ce, "Kina nan?" alhali ina zaune kusa da shi, in na miƙa hannu zan taɓa ƙafarsa.

Jiya na je shagon Likitan Ƙarfe na ce ya sa wa kwamfutar ƙara. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da ya fara sana'a kowa shiru yake nema, ni ce ta farko da ta zo sayen hayaniya. Da na yi masa bayani sai dariyar ta tsaya. Ya ce wannan furosesar ba ta zafin da zai tayar da fanka, amma zai nemo ƙaramar fanka mai ƙara, ya saita ta ta riƙa tashi in aiki ya yi nauyi, kuma wutar da za ta sha ba ta taka kara ta karya ba. Ba shi da irinta a shago, sai ya sa an kawo masa. Na ce ya hanzarta. Raina ya ɓaci da ban yi wannan tunanin tun farko ba.

Yaya, ka nemi hutu ka zo. Ban ce akwai wani abu ba, amma ka zo.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan, ya ba mu juriyar rashinsa. Na san yadda kake ji da hanya ta hana ka samun jana'iza. Kada ka sa wa ranka damuwa, kowa ya san ba da gangan ba ne. A waya kuka ya hana ni magana, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake yanzu babu kunnen da nake ɓoye wa.

Ka tambaye ni yadda abin ya faru. Da safe ne, bayan na goge masa jiki. Akwai wuta, injin yana aiki, batirin a cike yake taf. Ina zaune ina zanen wani ƙaramin gida mai ɗaki uku. Na gama, hoton ya fito, na juya in gaya masa ko da zai ce in yi aikina. Na tarar ya riga ya tafi. Ban san yaushe ba, Yaya. Ina kusa da shi, kuma ban sani ba.

Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji, babu abin da wani zai iya yi. Gwaggo ta ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Na kuma san da mai arahar na saya, wata rana batirin ya mutu, da ban yafe wa kaina ba har abada. Duk na san wannan. Amma na tsare masa iska na hana shi abin da yake shaƙar iskar dominsa, kuma wannan tunanin ya ƙi barina.

Masu injin oksijin sun zo sun ɗauki kayansu. Washegari sai ga Likitan Ƙarfe da fanka a leda, bai ji labari ba. Da ya ga tabarmi da masu ta'aziyya sai ya tsaya a bakin ƙofa yana ɓoye ledar a bayansa, kamar wanda ya yi sata. Kunya ta hana ni mayar da shi. Da mutane suka ragu na ce ya shigo ya saka.

Jiya na koma aiki, don mai wani gida yana jiran zanensa. Na sa kwamfuta ta fitar da hoto, fanka ta tashi tana ruri, kusan irin na tsohuwar. Kafin in ankara na juya wajen gado ina jira. Gwaggo ta leƙo ta ce in rage ƙarar abin nan, gidan makoki ne. Ban rage ba.

Ga roƙona. In ka iso, kafin ka zaga dangi, ka shigo ɗakin ka zauna a bakin gadon. Na san ba ka san komai a zanen gida ba, kai da ko layi ba ka iya ja a miƙe ba. Ba komai. In ka ji fanka ta tashi, ka ce in kai ka ciki. Zan fara daga ƙofa. In mun kai tsakiya ka tsayar da ni, ka ce wata taga ba ta zauna daidai ba, ko da ta zauna.

Allah ya kawo ka lafiya. Ka gaishe da Anti da yara.

Ƙanwarka mai jiran isowarka,
Auta