Ƙasar Tukunyar Baba

Njuwa, Yola
Mayu 2015

Ƙanena Muktar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan karatu yana tafiya a Zariya. Mu nan mun gode Allah.

Ka san ranar da muka gudo daga Madagali ban ɗauki ko zane ba sai tukunyar irin dawar Baba. Ka kuma san yadda yake yi, kowace kaka ya kankaro ƙasar jikin saiwa ya cuɗa da iri, ya ce iri ba ya tafiya ba danginsa. To, ƙungiyar da ta ba mu aron fili a bakin tafki ta turo malamin gona, Hamajoɗa. Wai sai na wanke irin na zubar da ƙasar, don cuta na kwaso musu, in ba haka ba a karɓe filin. Na ce masa masu bindiga ma ba su raba ni da ita ba, balle mai biro. Kai da kake karatun ƙasa, rubuto masa takarda.

Addarka,
Sabuwa

Zariya
Yuni 2015

Adda,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ki yi haƙuri, Hamajoɗa yana da gaskiya. Ƙasa ƙasa ce, abin Baba al'ada ce kawai. Ki wanke irin ki tsira da filinki, ga marayu huɗu a gabanki. Ba zan sa sunana a kan camfi ba.

Naki,
Muktar

Jimeta
Oktoba 2023

Adda,

Assalamu alaikum. Shekara takwas ba ki amsa mini ba, kuma na san dalili: an karɓe filin, ni kuwa ban tsaya miki ba.

Yanzu ina cibiyar binciken noma a nan Jimeta. Bana mun auna gonakin dawa a Njuwa. Ciyawar wuta-wuta ta cinye yawancinsu, amma goma sha bakwai sun tsira. A jikin saiwarsu muka tarar da ƙananan halittun da ido ba ya gani, suna ciyar da dawa, suna hana wuta-wuta kama ta. Na gasa rabin ƙasar don su mutu, na shuka a duka biyun, ta gasasshiyar ce kaɗai ta lalace. Da na tambayi matan da suke noma gonakin, kowace ta ce ƙasar Sabuwa ce.

Sau biyu ina zuwa ƙofarki a Alkalawa, kunya tana mayar da ni. Ki yafe mini. Ki ba ni tukunyar mu adana ta a firij, don kada ta ɓace.

Ƙanenki,
Muktar

Alkalawa, Yola
Nuwamba 2023

Muktar,

Wa alaikumus salam. Ashe camfi ya shiga boko?

Na ji zafinka ƙwarai, fiye da na filin. Tukunya kuwa babu komai a ciki. Ranar da aka kore ni na raba ƙasar dunƙule-dunƙule ga matan da muka gudo tare, su suka riƙa auno mini dawa har marayun suka girma. Har matar Hamajoɗa ta aiko a ɓoye, na ba ta.

Kai ka ce masu rai ne. 'Yan gudun hijira ne kamar mu, sun samu wurin zama, ba mai sake kulle su.

Ranar Asabar za mu yi girbi a gonar Munirat, ɗaya daga cikin matan nan. Ka zo da fartanya in nuna maka yadda Baba yake kankara. Ka bar biron a gida.

Addarka,
Sabuwa