Na kwance wa ɗana goyo a gaban abokaina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana, garinmu Lafia ba shi da girma, akwai waɗanda muke sallah sahu ɗaya da su a gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ya zaga, na ci zagin, amma in ya gama ya faɗa min abin yi.

Ni magidanci ne, harkar doya nake yi, in shiga su Kwandere da Ashige in sayo, in loda mota zuwa Kano. 'Ya'yana biyu, babban shekararsa goma, zan kira shi Sadik duk da ba sunansa ba ne, sai ƙanwarsa Ummi da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Sadik tun yana ƙarami yake da in'ina mai tsanani, kalma ɗaya sai ya runtse ido yana buga ƙafa kafin ta fito. Mun yi na asibiti, mun yi rubutu, shiru. Ko aike shago ba ya so, saboda yara suna kwaikwayonsa.

A makarantarsu akwai wata malama 'yar ƙabilar Eggon, zan ce mata Anti Esta, ita ta sa shi a kulob ɗin dirama. Abin ikon Allah, in yaron nan ya tsaya yana maganar wani mutum daban, in'inar ɗaukewa take yi ƙaf. Uwarsa ta nuna min bidiyo a waya, wallahi sai da na sa aka maimaita min, ban yarda ɗana ne yake zuba zance haka ba. Na ce masha Allah. Da aka ce zai fito a wasan bikin ƙarshen zango ma na ce to, ban tambayi me zai fito ba.

Ranar wata Juma'a an sauko daga masallaci na taho gida cin abinci da abokan kasuwa biyu, ɗayansu zan kira shi Ɗanliti, mutum ne mai bakin tsiya, ko limami bai bari ba. Ina tura get sai ga Sadik a tsakar gida, ya ɗaura zanin uwarsa ya goya Ummi, taɓarya a hannu yana daka a turmin da babu komai, yana ta magana tar ba gargada. Ɗanliti ya fashe da dariya har yana dafa bango, ya ce, "Alhaji ashe amarya ka yi ba gayya?" Ya fara laluben waya a aljihu.

Ni dai ban san lokacin da na isa kan yaron ba. Na sauke Ummi, na fizge zanin na yi jifa da shi, na ce ni ban haifi ɗan daudu ba, a gidana namiji ba ya goyo ba ya daka, in mace yake son zama ya faɗa min in saya masa ɗankwali. A gaban baƙi na faɗa. Ya buɗe baki zai yi bayani, Abba ma ya kasa cewa, sai "Ab, Ab, Ab", yana buga ƙafa hawaye na zuba. Su kansu abokan nawa dariyar ta tsaya musu. Na ce daga yau an gama dirama, na kira Anti Esta a waya na faɗa mata maganganu marasa daɗi, har da cewa ita ba ta san al'adarmu ba, kada ta lalata min yaro.

Da baƙi suka tafi muka yi ta da Maman Sadik. Na ce ita ta ba shi zanin, ta ce ƙwarai ita ta ba shi, kuma gwaji yake yi na wasan makaranta. Na ce wasan banza. Ta ce ba za ta ja da ni ba, amma in na isa in je in tambayi malamar wa yaron yake kwaikwayo.

Na je makarantar, da niyyar ƙara yin faɗa ma na je. Matar nan ba ta ɗaga murya ba, ta ba ni kujera. Ta ce wasan a kan magidanci ne da matarsa ta kwanta rashin lafiya, shi ya riƙe gida. Da ta nemi wanda zai fito a mijin duk mazan ajin suka ƙi, suka ce su ba za su yi aikin mata ba, soja ko ɗan sanda suke so. Sadik ne kaɗai ya ɗaga hannu, yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, ya ce babansa ma yana yi. Goyon ba ya cikin wasan, shi ya kawo, da 'yar waƙar rarrashin da yake yi. Ta ce, "Oga, ba mace yake yi ba fa. Kai yake yi."

Kuma gaskiya ne. Lokacin haihuwar Ummi aiki aka yi wa matata, ta daɗe ba ta tashi ba, mahaifiyarta tana can garin Keana ita ma ba lafiya, ƙannena suka ɗan zauna suka koma gidajensu. Ni na riƙe gidan. In kulle get, in dafa doya in daka sakwara, in wanke kayan jaririya, da ta yi ƙwari in ta ƙi shiru in goya ta ina zagaye tsakar gida ina mata waƙa. Ban iya ɗaurin ba, Sadik ne yake tallafe min ita ta baya har in ɗaure zanin. A kasuwa kuwa cewa nake na shiga ƙauye, da an ƙwanƙwasa get nake sauke ta da sauri. Ni ina ɓoyewa, ashe shi yaron alfahari yake yi da ni.

Tun ranar Juma'ar nan Sadik ya daina magana, sai ɗaga kai da girgiza kai. Na sayo masa ƙwallo, na kawo tsire, ya karɓa da hannu biyu ya ajiye. Abin da ya fi ƙona min rai, Ummi ta saba da shi, in ta miƙo masa hannu yanzu sai ya matsa baya ya kalli ƙofa. Rannan uwarsa ta ce ya riƙe Ummi za ta yi sallah, ya ƙi, yarinyar tana ta kuka a ƙasa yana tsaye.

Shekaranjiya na kira shi ɗaki zan ba shi haƙuri. Ni da ba ni da in'ina, bakina ya ƙi buɗuwa, ban taɓa jin Baba ya ba ni haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. Shi ya riga ni. Ya daɗe yana kokawa da kalmomin, gumi a goshinsa, na ƙyale shi har ya kai ƙarshe. Ya ce in yi haƙuri, shi bai san abin kunya ba ne, kuma ba zai sake faɗa wa kowa ina goya Ummi ba. Innalillahi. Na fita bayan gida na yi kuka.

Wasan ranar Asabar mai zuwa ne. Anti Esta ta ce ba ta sa kowa a gurbinsa ba, babu ma yaron da ya yarda. 'Ya'yan Ɗanliti a makarantar suke, zai zo da wayarsa, tun yanzu ma a kasuwa an fara ce min Baban Amarya. Ina tsoron in bar shi ya hau sitej a yi masa dariya, ko in'inar ta kama shi a gaban jama'a saboda abin da na yi masa. In kuma na hana, ina ganin na rufe masa baki ke nan. Maman Sadik ta ce haƙurin cikin ɗaki ba zai yi ba, a gaban mutane na kunyata shi, a gaban mutane zan gyara, in kira Ɗanliti gida in faɗa da bakina cewa ni Sadik ya gani ina goyo. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu kunyar hakan nake ji, kuma ina jin haushin kaina da nake jin ta.

Iyaye maza na gurup ɗin nan, da malamai, in ku ne ya za ku yi? In bar shi ya fito? In bi shawarar matata? Don Allah ku faɗa min yadda zan sa ɗana ya sake ɗaukar ƙanwarsa ba tare da ya kalli ƙofa ba.