Tabon Girar Auta

Lahadi, da hantsi

Zuwa ga Malama, uwar ɗakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa lafiya, ƙafarki ta sauka daga kumburin mota, kuma Gwaggo tana nan da ƙarfinta da bakinta. Ki gaishe ta, ki ce mata surukinta yana raye, ko da yake ba da wani kyan gani ba.

Kin ce in riƙa rubuto miki ta hannun direban da ke zuwa wajenku, domin a waya ba abin da na iya sai tambayar ko kin ci abinci. Gaskiyarki. Mutum ya tsufa yana gyara maganar wasu a maɗaba'a, amma da an miƙa masa waya sai ya koma ɗan aji ɗaya.

Gida lafiya lau, sai dai ya yi mini girma. Ban san falonmu na da amsa-kuwwa ba sai da na yi tari jiya. Famfon kicin yana ɗiga, kuma na bar shi, don shi kaɗai ke magana. 'Yan ajinki biyu sun zo da littattafan aikinsu, na ce Malama ta tafi neman ƙanwarta. Ƙaramar ta tambaye ni ko a kasuwa ta ɓata. Na rasa yadda zan gaya wa yarinya cewa Auta babbar mace ce, da ƙafarta ta tafi birni neman aiki bayan aurenta ya mutu, kiranta ya yi ta raguwa har wata rana lambar ta daina shiga, shekaru suka bi ta kai.

Yanzu ki zauna da kyau, zan ba ki abin dariya. Na fara karanta littattafanki. E, waɗannan dai na kan shiryayye, masu hoton mace da jaka a hannu tana kallon nesa, waɗanda nake ce miki da an karanta ɗaya an karanta duka. Kin san da yawansu ta teburina suka bi. Amma kin san yadda muke aiki: mai duba kuskure daga ƙarshen littafi yake farowa, jimla bayan jimla, yana hawa sama, don kada labari ya ja shi idonsa ya tsallake harafi. Saboda haka ni a wurina duk matan nan da rungumar juna suke farawa, ana kuka ana yafiya, sannan su rabu a tasha, su ƙare suna yara a tsakar gida ba abin da ya dame su. Shi ya sa ban taɓa gane abin da ke sa ki jiƙa matashi da hawaye ba.

Jiya na ɗauko ɗaya na fara daga farko kamar sauran bayin Allah. Wata ce ke neman aminiyarta ta makarantar kwana. Ba don aminiyar na karanta ba, gaskiya. So nake in ga yaushe mai neman take komawa gida. Malama, mijin ya raka ta tasha a babi na biyu, daga nan marubuciyar ta manta da shi. Na bi shi har bangon baya, ba a ce ya ci abinci ba, ba a ce ya mutu ba. Na ɗauko na biyu, mijin wannan ma ko tasha ba a bari ya je ba.

Ga takardun cigiyar da kika ce a buga, na ɗaure su da igiya na ba direba. Na ciro tsohon hoton Auta daga cikin gilashinsa na kai wa Mai Kwalliya, wanda ke yi mana bangon littattafai, shi ya haɗa. Rubutun kuwa ni na duba da kaina, daga ƙasa zuwa sama. Lambar wayarki daidai take, ba harafin da ya karkace. A manna a tashoshi da bakin asibitoci da wajen masu kitso.

Allah ya haɗa fuskokinku. Ki riƙa shan maganinki a kan lokaci.

Naki,
Mai Jan Biro

Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya gajiyar yawo? Ya Gwaggo da ciwon gwiwa? Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karantawa a gida. Rubutunki ya yi manya-manya kamar na allon aji, kuma na gano dalili: gilashin karatunki yana nan, kin bar shi cikin wani littafi a matsayin alamar shafi. Ga shi na naɗe a cikin safa.

Kin ce makonni sun wuce, takardun suna manne ko'ina, amma ba wanda ya kira sai mutum biyu, ɗaya yana tambayar ko ana ba da tukuici, ɗayan kuma yana cewa in an same ta shi da aure yake so. Kin ce da kika buɗe ƙunshin kin yi kuka, don Auta ta fito kamar amarya. Wannan kalmar ta tsaya mini a rai, ban san dalili ba, sai shekaranjiya da na zo mayar da hoton cikin gilashinsa. Akwai ragowar takarda ɗaya a kan tebur, na ajiye su gefe da gefe.

Malama, ba Auta muke cigiya ba. Tabon girarta ta hagu babu shi. Wannan tabon da kowa ke fara gani kafin ya ga idonta, wanda ta samu ranar da kika goya ta kuna yara kika faɗi da ita a kan matakala. An goge shi tas. An ƙara mata haske, an rage mata hanci, an cike mata kumatu. Matar da ke jikin takardar nan na san ta, tana kan bangon littattafai fiye da yadda zan iya tunawa, amma ba ta taɓa cin abinci a gidanmu ba.

Na tafi wurin Mai Kwalliya da takardar a hannu, raina a ɓace. Ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, "Haba Malam, mace ce fa! In bar mata tabo a fuska, a manna a gari, a ce wa ya yi aikin nan? Ni ko kakata aka kawo sai na gyara ta." Na ce masa wadda ta ɓata ake nema, ba mai sayen littafi ba. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce wallahi hannunsa ne ya saba, da hoton mace ya hau allon kwamfuta bai san lokacin da yake share shi ba. Ban iya ci gaba da faɗa ba, don ni ma takardar ta bi ta gabana, na duba kowane waƙafi, ban ɗaga ido na kalli fuskar ba. Hoto ba sashena ba ne. Haka muka tsaya mu biyu, dattawa da furfura, kowa ya yi aikinsa daidai.

Ya sake bugawa, da tabon da hancin da komai. Har ya ƙara girman hoton ba tare da na ce ba. Su ne a ƙunshin nan. A manna a kan na farkon.

Akwai abin da nake ta juyawa, kada ki ji haushi. Na yarda ba ki da gilashi. Amma fuskar ƙanwa ba ƙaramin rubutu ba ce. Ina jin kin gani, sai dai ranki ya so ki kalle ta ko sau ɗaya ba tare da abin da ya same ta a bayanki ba. In haka ne, ban ga laifinki ba. In ba haka ba ne, ki ɗauka surutun mutumin da ke cin abinci a tsaye a kicin ne, don teburin ya yi masa faɗi.

Shugaban makarantarku ya tare ni a hanya, ya yi gaisuwa mai tsawo irin ta mai son tambaya. Na ce masa kina tafe. 'Yarmu ta kira daga ɗakinta, ta ce in koma wurinsu kafin ki dawo. Na ce mata wa zai kula da famfo? Ta ce, "Baba, kai dai ka ce kana gadin kujerar Mama." Yaran yanzu ba su da kunya.

Littattafanki kuwa na kusa cinye layin sama. Har yanzu ina ganin kurakurai, amma na daina neman biro. Akwai wata da ta yi shafi guda tana bayanin yadda yayar ke ajiye wa ƙanwar rabonta na sabulu duk wata, ko da yake ba ta nan. Na rufe littafin na je na buɗe durowar ɗakin baƙi. Ban san kina yi ba.

Ki huta lafiya. Ina gaida Gwaggo.

Mijinki,
Mai Jan Biro

Asabar, da safe

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, kuma kin samu kin runtsa. Alhamdu lillahi da Auta na raye, da lafiyarta, da sana'arta. Wannan shi ne na farko, kuma na yi ta maimaita wa kaina shi kafin in karanta sauran takardarki.

Allah ya saka wa matar nan ta kantin magani da alheri, da ta ga sabon hoton ta kira. Ashe duk tsawon nan Auta na guga a shagon wanki, ba nisa da tashar da kike sauka. Na karanta yadda kika shiga, ta ɗago ta kalle ki, ta ce, "Yaya, wa ya ce ki neme ni?" ta mayar da kai kan rigar da take gogewa. Na karanta yadda ta gaya wa mai shagon, ba ke ba, cewa takardar farko kullum tana wuce ta a jikin turken lantarki, ta san ita ce, kuma hankalinta kwance don ba mai gane ta. Sai ga ta biyun, yanzu duk layin sun san tana da 'yan'uwa, sun san ta guje musu, masu kawo wanki suna kallon girarta.

To, ga aikina. Na yi gyara, gyaran ya yi daidai, kuma ya tsiraita mace a gaban maƙwabtanta. Ban yi nadama ba, don ba don shi ba da har yau kina yawo da gam a jaka. Amma ban yi barci da alfahari ba.

Na koma wurin marubutanki neman shawara, ba su da ita. Dukkansu a bakin ƙofa suke ajiye alƙalami. An ga juna, jaka ta faɗi, an rungume, sai sunan maɗaba'a. Ba wadda ta rubuta abin da kike yi yanzu: zama a bencin mai gyaran takalmi a tsallaken titi, daga buɗe shago zuwa rufewa, kina kallon bayan ƙanwarki ta taga. Ban zarge su ba. Wa zai sayi littafin da mace ke zaune a benci babi bayan babi? Ni dai da zan saya.

Kin ce ranar Laraba da rana ta yi zafi, mai shagon ya tsallako ya ajiye miki ruwan sanyi a kofi, ya ce ba shi ya aiko ba, kuma kada ki tambaye shi. Kin ce ba ki san ko wannan wani abu ne ba. Malama, macen da ba ta son ganinki labule take saukewa. Wannan ta san lokacin da inuwa ke barin bencin. Ban ce gobe za ta yi magana ba. Kin san Auta, tun tana gidanmu in kika yi mata faɗa sai ta kwana uku tana gaishe ni ni kaɗai. Wannan karon abin da ta tara ya fi haka yawa, kuma wataƙila ba duka ne naki ba. Kada ki shiga da bayani. Ki zauna inda za ta gan ki.

Na je makarantarku jiya. Shugaban ya ce zai riƙe miki ajin zuwa ƙarshen zango, bayan nan ba ya da iko. Na nemi hutu a wurin aiki in zo in zauna kusa da ke, Manaja ya nuna mini tulin littattafan makaranta da ke jiran dubawa, ya ce in sun ƙare. Ba za su ƙare kwanan nan ba. Kuma da na yi tunani, ganina a bencin ba zai taimaka ba. Ta ga yaya ita kaɗai ya fi ta ga tawaga.

A ƙasan takardarki, da ƙananan haruffa, kin yi tambaya. Kin ce ba ki san ko sati ne ko wata ko fiye ba, kin ce in kika tashi daga bencin nan yanzu ba za ki sake samun ta ba, kuma kin ce in gaya miki gaskiya ba da wasa ba, ko zan iya jure zaman gidan nan ba ke.

Na zauna da biro tun bayan asuba ina neman yadda zan sa ki dariya a nan, ban samu ba. Ba zan iya ba, Malama. Amma ki zauna.

Ki gaida Gwaggo, da mai gyaran takalmi. Auta kuwa kada ki gaishe ta tukuna, ki riƙe mini har ranar da ta tambaya.

Naki har kullum,
Mai Jan Biro