Siriri da Mai Tsani

Litinin, 5 ga Mayu

Na dawo daga aiki ƙafafuna kamar na aro. Injin busar da kaya na otal ɗin ya sake tsayawa, da hannu muka shanya zannuwan gado kaf. Tun daga bakin ƙofa na jiyo Baba da Kawu Direba suna ta abin da suka saba: Siriri ko Mai Tsani, wa ya fi iya faɗa a fim.

Wannan gardama ta girme ni. Baba a ɗakin injin silima ya tsufa yana haska fim, har aka rufe wurin aka mai da shi ma'ajiyar siminti. Kawu kuwa ba jininmu ba ne, abokinsa ne da yake shigarwa ta ƙofar baya. Sunayen 'yan wasan na gaskiya sun fi ƙarfin harshensu, shi ya sa suka raɗa musu nasu.

Na gaishe su, ba wanda ya ji ni. Na ɗora ruwan zafi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau ma. Baba ya ce Siriri ba ya wasa da abokin gaba, bugu ɗaya sai ka ga ƙato a ƙasa, kuma ko kallonsa kawai ya isa ya sa mutum fitsari. Mai Tsani kuwa, in ji shi, ɗan wasan yara ne, sai gudu da ɗane-ɗane da jifa da kujera. Kawu ya ce gudu da waiwaye ai shi ne hankali, nasa gwanin ya yi furfura, na Baba fa yana ina?

Baba ya so ya gwada masa wani naushi, ya manta da hannun dama zai yi, wanda ciwon ɓarin jiki ya cinye. Kofin shayi ya kife a kan katifa. Su suka yi dariya, ni na cire zani.

Asabar, 10 ga Mayu

Wankin otal, wankin gida, wankin Baba. Shi ke nan yau.

Talata, 13 ga Mayu

Na yi abin da bai kamata ba.

Sun shiga batun mutuwar Siriri, kuma in suka shiga nan ba sa fita. Kawu ya tsaya a kan cewa mutumin ciwon kai ya yi, ya kwanta, kwanansa ya ƙare. Baba ya ce ƙarya ne, saurayi mai irin wannan jikin ba ya kwanciya ya mutu haka siddan. Ko guba aka ba shi, ko malamansa ne suka gama da shi don ya fallasa sirrin faɗansu, ko wani ya yi masa bugun nan da sai an daɗe yake kashewa. Kullum da sabon mai laifi.

Ina tsaye da maganinsa a tafin hannu ya ƙi kallona. Na ce, Baba, mutumin nan ko ta'aziyyarsa ba a gayyace ku ba, don Allah ku bar shi ya huta, mu ma mu huta.

Kawu ya lalubi sandarsa. A bakin ƙofa ya tsaya yana neman takalmi da ƙafa, ya ce a hankali, "'Yata, ke kin ɗauka a kan ɗan fim yake magana?"

Na sani. Na daɗe da sani, gajiya ce ke sa ni mantuwa. Yaya ne. Yaya da ke koya wa samari kareti a filin bayan makaranta, wanda ko mura ba ta kama shi. Ya dawo da rana ya ce kansa na sarawa, ya kwanta kafin a gama abinci, ni na je tashinsa, bai tashi ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Baba bai taɓa musa wa likita ba, bai kuma taɓa ambaton sunan Yaya ba tun ranar. Siriri dai yake ta nema wa wanda ya kashe shi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ƙanwata Auta ta kira. Ta ce in riƙa motsa masa hannu safe da yamma, in rage masa gishiri, in kuma kula da kaina. Daga nesa kowa likita ne. Na ce to.

Kawu ya zo kamar ba abin da ya faru, har ya ce na rame. Na fi jin kunya da hakan.

Lahadi, 18 ga Mayu

Kawu bai zo ba. Baba ya sa na juya masa kujera ta fuskanci ƙofa.

Laraba, 21 ga Mayu

Ɗan Kawu ya zo da yamma. Ashe santsi ne ya kwashe tsohon a banɗaki, ƙugu ya karye. Yana asibiti, kuma da an sallame shi ɗan zai tafi da shi garin da yake aiki, don ba mai kula da shi a nan.

Baba ya ce, to, mai son faɗowa daga tsani ya samu abin da yake so. Ya yi dariya shi kaɗai. Daga nan ya juya ya fuskanci bango.

Asabar, 24 ga Mayu

Na roƙi wata abokiyar aiki ta riƙe min rabin yini, na ɗauki hayar mota, ni da mai motar muka cicciɓi Baba. Bayana har yanzu bai yafe min ba.

Kawu ya koma ɗan mitsitsi a gadon asibiti. Sun gaisa kamar baƙi, ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi. Ina ta jira ɗayansu ya tsokani ɗaya. Da muka tashi tafiya Kawu ya kamo hannun Baba mai lafiyar.

"Mai Inji, na yarda. Siririnka ya fi."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ce, "Ba ka isa ba. Janye maganarka."

Kawu ya yi murmushi, ya ƙi janyewa.

Talata, 27 ga Mayu

An tafi da Kawu jiya.

Ga shirun da nake nema na samu. Ba kofi a kife, ba ihu. Abincin da na bar masa da safe haka na dawo na tarar da shi, ƙuda na bi. Faya-fayan finafinan na nan a kwalinsu. Na ce in sa masa na Siriri, ya ce ya gani.

Alhamis, 29 ga Mayu

Mun kira lambar ɗan Kawu. Tsofaffin biyu ba sa jin juna a waya, sai "eh?" da "me ka ce?" Baba ya miƙo min abata.

Cokali uku ya ci, shi ma don na tsaya a kansa. Wandonsa ya fara zamewa. Ban gaya wa Auta ba, ba ni da ƙarfin sauraron shawara.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ina guga a ɗakinsa, shirun ya ishe ni, na zari faifai ɗaya na sa don dai a ji motsi. Ashe na Mai Tsani ne. Akwai wurin da ya naushi wani ƙato, sai ya koma gefe yana yarfe hannu don zafi. Dariya ta kuɓuce min.

Daga bango na ji an ce, "Shirme."

Na ce ai ko ba komai wannan yana jin zafi kamar ɗan Adam, ya faɗi ya tashi ya ci gaba. Siriri kuwa ba a taɓa ganin ya gaji ba, wannan ai ba jarumta ba ce, rashin sanin wahala ne. Ban san ina da wannan maganar a cikina ba.

Baba ya juyo. Ya ce in tayar da shi zaune, don ba a yi wa jahili bayani a kwance. Muka yi ta yi har na kusa ƙona rigarsa. Abincin ya huce, a haka ya cinye shi, yana nuna ni da cokali.

Can ya gangaro kan gubar, kamar yadda na san zai yi. Na kashe dutsen guga na ce, Baba, ba wanda ya kashe shi, kwana ne ya ƙare. Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai sake juyawa bango. Sai ya ce, ke ma kanki irin na Direba ne, ba ya ɗaukar karatu. Ya miƙo hannu na ba shi maganinsa.

Ni ba damuwa na yi da mutanen nan ba, gobe ma da sassafe zan fita. Amma batun gudu Baba bai yi adalci ba. Akwai wani faifan a ƙasan kwali, na ajiye shi a sama.